Kafin ka sa wa motarka manyan tayoyi, duba gatarin gaba

Da zarar damina ta kusa, masu Land Cruiser da Hilux kan cika garejinmu a Garwa, arewacin Kamaru, da buƙata ɗaya: a sa musu babbar taya don kada mota ta kafe a taɓon hanyar Mora zuwa Kuseri ko a yashin mayo, wato rafi. Ba na hana kowa, amma sai mun fara shiga ƙarƙashin motar tukuna, domin gatarin gaba ne ke ɗaukar wahalar.

Tayar da Land Cruiser 75 da 79 suka saba zuwa da ita, 7.50R16, tsayinta kamar santimita 81 ne. Mai lamba 285/75R16 ta ɗan haura 83, ita ake kira inci 33. Ita kuwa 315/75R16 ta kai 88, wato inci 35. Kamar ka zura wa sifana bututu ne don kwance noti mai taurin kai: duk tsawon da aka ƙara, ƙarfin murɗar da ke komawa kan sandar gatari ƙaruwa yake yi. Ga kuma nauyin tayar kanta a kan boris da birki. Ni a wurina, gatarin da kamfani ya sa yana ɗaukar inci 33 idan lafiyarsa ƙalau. Inci 35 da lodin buhuna a baya kuwa, ba na sa wa mutum sai ya yarda a sauya kayan ciki.

Abin da ya fi karyewa shi ne Birfield, gaɓar nan mai ƙwallaye da ke cikin dunƙulen bayan taya, wadda ke ba taya damar juyawa alhali sitiyari na karkace. Ka ɗaga gaban motar da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, ko boris ɗin taya ne ko na dunƙulen. Sai ka dubi bayan dunƙulen. In ka ga baƙin mai tsinkakke yana zuba, robar da ke tare man difarensha ta mutu, man ya shiga ya wanke giris, Birfield na aiki a bushe. A buɗe, a wanke, a sauya roba, a cika da baƙin giris mai molibdenum, ba jan giris na boris ba. Kada a manta notuna huɗu na hannun sitiyari, babbar taya na kwance su a hankali, kuma in suka tsinke a kan tafiya rai ake magana.

Faifan da ake cusawa don fito da taya waje, ni ba na son sa ko kaɗan. Yana nisanta nauyi daga boris, ya cinye shi kafin lokaci.

Sauran aikin yana ƙafar direba. Birfield ya fi rauni sa'ad da aka murɗe sitiyari har ƙarshe. Mota ta kafe a laka, direba ya karya kan mota, ya taka totur, taya na juyawa a banza, sai kwatsam ta kama ƙasa mai tauri. Nan take za ka ji ƙas! Malam direba, miƙe sitiyarinka, sa ƙaramar giya, ka fita a hankali, in ta ƙi a ɗauko shebur. Kada kuma ka ja motar da ta kafe da ribas, domin difarenshar gaba ta waɗannan motoci ta fi rauni in ana ja da baya. Da ka hau kwalta, cire giyar ƙafa huɗu, ka buɗe makullan tayoyin gaba.

Wanda ya nace sai inci 35, ya sayi Birfield da sanduna na ƙarfe mai ƙwari, ya kuma sauya haƙoran difarensha gaba da baya zuwa masu lamba 4.88, waɗanda ke ƙara wa mota ƙarfin ja, in ba haka ba injin dizal na Land Cruiser, 1HZ, zai riƙa nishi a hawa, kuloci ya ƙone. Hilux ta zamani da kowace tayar gaba ke da nata hannu, kada a ɗaga ta da yawa, don kardan ɗinta, sandar da ke juya tayar gaba, zai karkace ya yage roba. Ita ka bar ta a 265/75R16.