Wankin cikin wanda ya sha guba: kurakuran da aka fi yi

Da zarar an shigo da wanda ya sha guba asibiti, hannu yakan nufi robar wankin ciki, wato robar da ake zurawa har cikin tumbi a wanko gubar da ruwa, tun ba a dubi numfashinsa ba. Wannan gaggawar ce ta fi damuna. Mutumin da hankalinsa ya fara gushewa, idan aka zura masa roba, amai na iya faɗawa huhu, sai a bar jinyar guba a koma jinyar huhu. A fara da hanyar iska, numfashi da bugun jini. Idan ba ya iya tari ko haɗiyar miyau, ba a taɓa cikinsa sai likita ya sa masa bututun numfashi.

Sai a tambayi waɗanda suka kawo shi me ya sha, kuma ƙarfe nawa. A karɓi kwalbar a karanta. Idan kananzir ne, ko fetur, ko asid, ko soda mai ƙona fata, babu wankin ciki, babu sa amai. Abin da ya ƙona maƙogwaro wurin shiga zai sake ƙona shi wurin fita, kananzir kuwa ɗan kaɗan ya isa ya lahanta huhu. Ɗura ruwan gishiri don jawo amai ma haɗari ne, yana iya kisa, musamman ga yara.

Wankin ciki yanzu ba aikin kullum ba ne. Gawayin asibiti, wanda aka sarrafa musamman don ya kama guba a ciki, ya fi shi amfani, in an ba da shi cikin awa ɗaya da shan gubar: giram 50 ga babba, giram 1 kan kowane kilo na nauyin jiki ga yaro. Sai dai ba ya kama ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko litiyam (wani maganin taɓin hankali), ko barasa. Gawayin murhu kuma ba ya maye gurbinsa.

In likita ya ce a wanke, a kwantar da majiyyaci ta gefen hagu, kai ƙasa-ƙasa, injin zuƙar majina a kunne a kusa. A tabbatar roba tana ciki, ba a huhu ba. Mililita 200 zuwa 300 na ruwa mai ɗumi a kowane zubi ga babba, a jira ya dawo kafin a ƙara.

Wanda ya sha maganin ƙwari na gona, miyau na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, allurar atirofin, mai karya ƙarfin wannan gubar, yake bukata da gaggawa, tare da kula da numfashinsa. A sa safar hannu, a tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke fatarsa da sabulu.