Yadda Ake Sauya Manhajar Wi-Fi a Linux Ba Tare da An Rasa Intanet Ba

Idan kana da tsohuwar laftop mai Debian ko danginta, kuma har yanzu da wicd kake kama Wi-Fi, lokacin ƙaura ya yi. Da yaren rubuta manhaja na Python 2 aka rubuta wicd, Python 2 kuwa an daina kula da shi tun farkon 2020, shi ya sa Debian 11 ta fito babu wicd a cikinta. Ni NetworkManager nake ɗora wa mutane, wanda kamfanin Red Hat ya fara a 2004, don idan ya ƙi aiki yana faɗa maka dalili.

Abin da nake so ka riƙe shi ne katin Wi-Fi ɗinka ɗaya ne, manhaja ɗaya ce za ta juya shi. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Da ka ga kwamfuta ta kama layi, jim kaɗan ta saki, ta sake kamawa, to ka zargi cewa tsohuwar manhajar da sabuwar duk suna kunne.

Kada ka cire komai tukuna. Fara kwafe kalmomin sirrinka a takarda, wicd yana ajiye su a /etc/wicd/wireless-settings.conf. Ajiye igiyar USB ta wayarka kusa, domin idan Wi-Fi ya ɗauke za ka iya jona wayar ka kunna USB tethering ka ci gaba da aiki. Sannan, tun layi na nan, ka buɗe terminal, wato inda ake rubuta umarni, ka sauke sabon:

sudo apt install network-manager network-manager-gnome

Yana gama sauka zai tashi da kansa, layi na iya yankewa. Ba komai. Yanzu kashe tsohon:

sudo systemctl disable --now wicd

Duba sauran masu aiki da systemctl --type=service --state=running. In ka ga connman, dhcpcd ko iwd, waɗanda su ma manhajojin haɗa layi ne, ka kashe su haka. Amma wpa_supplicant ka ƙyale shi, don Allah. Mutane da dama suna ɗauka shi ma abokin hamayya ne, alhali da shi NetworkManager yake tantance kalmar sirri da na'urar Wi-Fi.

Sai ka rubuta nmcli device status. Amsar da ka gani gaban sunan katinka, wlan0 ko wlp2s0 ko makamancinsa, ita za ta nuna maka inda ciwon yake.

In an ce unmanaged, kusan kullum fayil ɗin /etc/network/interfaces ne sila. A Debian, duk katin da aka rubuta sunansa a can, NetworkManager ba ya taɓa shi. Buɗe fayil ɗin, sa alamar # a farkon kowane layi da ya shafi katin, ka bar layukan lo yadda suke, ka sake kunna kwamfutar.

In an ce unavailable, rubuta rfkill list. Soft blocked yana warwarewa da sudo rfkill unblock wifi. Hard blocked kuwa babu umarnin da zai buɗe shi, sai da yatsa. Tsofaffin ThinkPad da Dell Latitude, irin 'yan gwanjon da suka cika kasuwanninmu, suna da ɗan makunni a gefe, ƙarami ne ƙwarai, saka laftop a jaka kaɗai na iya ture shi. Wasu kuma sai ka danna Fn tare da maɓallin da ke da hoton eriya. Ka duba wannan kafin ka kai ta wurin mai gyara ya ce kati ya ƙone.

Idan katin bai fito a jerin ba sam, gwada sudo dmesg | grep -i firmware, ka ga ko firmware ne babu, wato 'yar manhajar da katin ke buƙata kafin ya yi aiki. Na Intel yana buƙatar firmware-iwlwifi, na Realtek firmware-realtek. Daga Debian 12 ta 2023 suna zuwa tare da faifan girkawa.

Komai ya daidaita? Nemi layi da nmcli device wifi list, ka shiga da nmcli --ask device wifi connect da sunan layin. In hotspot ɗin wayarka bai bayyana ba, wataƙila yana kan 5GHz ne, tsohon kati kuwa 2.4GHz kaɗai yake gani. Sauya shi a wayar.

Saura mai ban haushin, wato kwamfutar ta ce ta kama layi amma shafi ya ƙi buɗewa. Tabbatar akwai data a wayar ko MiFi ɗin tukuna. Sannan ka yi ping 1.1.1.1, ka kuma yi ping debian.org. In na farko ya amsa na biyu ya yi shiru, matsalar DNS ce, wato mai fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, tsohuwar manhaja ta bar saitinta a /etc/resolv.conf. Sauya wa fayil ɗin suna da umarnin sudo mv, ka yi sudo systemctl restart NetworkManager, zai rubuta sabo da kansa.

In kuma NetworkManager yana ta tambayar kalmar sirri, karanta sudo journalctl -b -u wpa_supplicant. Ganin 4-Way Handshake failed yawanci na nufin kuskure a kalmar, babban baƙi ko ƙarami. Goge layin da nmcli connection delete da sunan layin, ka shigar da shi sabo.

Sai ka kashe kwamfutar ka kunna, ka ga ta kama layi da kanta, sannan ka cire wicd gaba ɗaya da sudo apt purge wicd-daemon.