Yadda Ake Buga Gicciye da Lino Ba Tare da Siffar Mutum Ba

A irin wannan aiki launi da tsaga ne ke ɗauke da saƙon. Haka mai zane Alfred Manessier na Faransa ya yi a hotunansa na Ista: ba fuska, ba jiki, sai duhu da haske.

A samu lino (shimfiɗar daɓe mai laushi da ake sassaƙawa a buga hoto da ita) mai kaurin milimita 3, wuƙaƙen sassaƙa masu bakin V da U, rola, tawada mai mai, da takarda marar kauri. Lino in ya ɗan ji ɗumi ya fi yankuwa. Kullum bakin wuƙa ya fuskanci gaba, nesa da hannu.

Lino guda ɗaya ya isa launi uku. Da farko a sassaƙe inda ake so ya zauna fari, a buga rawaya, hasken tashin Almasihu. A ƙara sassaƙe inda ake so ya zauna rawaya, a buga ja, sannan a sassaƙe inda ake so ya zauna ja. Shunayya ta lokacin Lent, wato azumin Kirista kafin Ista, ce ta ƙarshe, domin mai duhu ne ke rufe mai haske. Abin da aka yanke ba ya dawowa, saboda haka a buga kwafi 12 in ana son 8 masu kyau.

Kada a kafa gicciyen a tsakiya. A gusar da shi gefe, a bar hannunsa ɗaya ya katse, ido zai cike sauran. A duba zanen a madubi tukuna, don a juye yake fitowa.

Tawada in ta yi yawa tana toshe siraran layukan zanen, kamar na rawanin ƙaya, sai a shafa kaɗan-kaɗan. A manna kwali mai siffar L don takarda ta zauna wuri ɗaya, a goga bayanta da cokalin katako. Kowane launi ya sha iska kwana 2 zuwa 3, in ba haka ba na sama zai dame da na ƙasa.