Yadda Ake Nuna Finafinan Gaskiya Masu Tayar da Hankali a Ƙauye

Mutanen karkara ba baƙin majigi ba ne. Tsofaffinmu suna tuna motar gwamnati da kan zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, a nuna yadda ake shuka gyaɗa ko yadda ake lambar agana. Finafinan da nake nufi a nan jikokin majigin ne, domin babu 'yan wasa a cikinsu kuma babu ƙagaggen labari, sai mutane na gaske da abin da ya same su. Bambancin kawai shi ne waɗannan sukan hana mutum barci. Na yi shekaru ina nuna su ga tsofaffin ɗalibaina da majalisar unguwarmu a wani ƙauye kusa da Haɗeja, kuma na fahimci cewa kamar maɗaci suke, da awo ake shan su, sannan ba a bar wa mutum ya sha shi kaɗai.

Abu na farko shi ne ka iya rarrabe fim ɗin bincike da guntun bidiyon gawarwaki da ake turawa a WhatsApp, domin mutane da yawa sun ɗauka duk ɗaya ne. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a wayoyi, inda sojoji suka tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, suka rufe musu ido, suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta ce labarin ƙarya ne. Sashen bincike na BBC Africa Eye ya ɗauki bidiyon ya fitar da ɗan gajeren shiri mai suna Anatomy of a Killing, inda aka cire ɓangaren da ke nuna kisan, aka bi siffar tsaunin da ke bayan mutanen aka gwada ta da hotunan tauraron ɗan'adam har aka gano wurin kusa da Zelevet a arewacin Kamaru, aka duba gine-ginen wurin a hotunan, aka kuma auna inuwar sojojin, aka gano cewa abin ya faru a 2015, sannan aka fito da sunayen wasu daga cikinsu. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara 10 kowanne. Wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi: idan fim ya faɗa maka wane ne, a ina, yaushe, kuma me ya jawo, ya cancanci a tara mutane dominsa, amma idan jini kawai yake nuna maka, goge shi daga wayarka ya fi alheri.

Na biyu, kada ka taɓa nuna wa jama'a abin da ba ka kalla kai kaɗai ba tun daga farko har ƙarshe. Wannan darasi da kunya na koye shi. Na samo Sweet Sweet Codeine, binciken da BBC ta fitar a 2018 kan shan maganin tari mai kodin, na kalli farkonsa kawai na ce ai wannan namu ne, tunda a cikinsa aka ambaci ƙiyasin Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalba kusan miliyan 3 kowace rana a Kano da Jigawa kaɗai. Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarmi, aka jona talabijin da batirin sola, mai shayi ya matso da teburinsa. Ana cikin kallo sai aka zo wurin da aka shiga wani gidan gyaran hali a Ɗorayi cikin Kano, ga samari an ɗaure su da mari a ƙasa, wani yana ihu. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa ba, ya laluba takalminsa a duhu, ya ce a hankali, “Malam, a yi mini afuwa, zan shiga gida.” Na ce, “Baba, ko in kashe?” Ya ce, “A'a, bar su su gani.” Kowa a wurin ya san halin da ɗansa yake ciki, ni ma na sani, amma ban san abin da ke tsakiyar fim ɗin ba. Da na sani, da na je gidansa tun da rana na faɗa masa, ya zaɓa da kansa ko ya zo ko ya zauna. Fim ɗin dai ya cancanci kallo, don bai yi kwana biyu da fita ba gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da irin wannan maganin, sai dai a yankinmu da wuya ka tara mutum talatin babu wanda abin ya taɓa gidansa.

Lokacin da kake kallon gwaji, ka riƙe takarda ka rubuta mintin da kowane wuri mai nauyi yake, da wurin da ke da tsiraici ko zagi, domin ka san inda za ka yi gargaɗi da inda za ka tsallake.

Game da tsari, shawarata ita ce a fara da abin da mutane suka sani, sannan a riƙa nisa a hankali. Masuntanmu na bakin kogin Haɗeja ba su taɓa zama shiru ba kamar ranar da na nuna musu Darwin's Nightmare na Hubert Sauper, wanda ya fito a 2004. Labarin giwan ruwa ne da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya cinye ƙananan kifaye, sannan masana'antu a Mwanza ta ƙasar Tanzaniya suka riƙa yanke tsokarsa ana lodawa a jiragen sama zuwa Turai, talakawan bakin tafkin kuwa suna shanya kawuna da ƙaya, tsutsa na yawo a kai, su soya su ci. Wanda ya san kuɗin koma da wahalar kwana a kwalekwale ba ya bukatar dogon bayani. Amma ka gaya wa masu kallo cewa fim ɗin ya nuna kamar jiragen suna kawo makamai idan za su zo, kuma gwamnatin Tanzaniya da wasu masu sharhi sun musanta masa abubuwa da dama. Mai kyamara ma yana da ɓangare, yana zaɓar abin da zai nuna da abin da zai bari.

Daga nan sai For Sama na 2019, wanda Waad al-Kateab ta ɗauka cikin shekara 5 a birnin Halab na Siriya lokacin yaƙi, tana yi wa jaririyarta Sama bayanin dalilin da ya sa ita da mijinta likita suka ƙi gudu. Akwai wurin da aka ciro jariri daga cikin mace mai rauni, ba ya motsi, likitoci suna murza shi suna bubbuga bayansa har ya buɗe ido ya yi kuka. Mace mai ciki da wadda ba ta daɗe da rasa ɗa ba, a faɗa musu wannan tun kafin su zauna. Mata dai a cikin gida ya kamata a shirya musu nasu zaman, wata malamar Islamiyya ko ma'aikaciyar asibiti ta jagoranta.

Wanda ya fi dukkansu damuna babu gawa sosai a cikinsa. The Act of Killing na Joshua Oppenheimer, 2012, ya koma kan kisan da aka yi a Indunusiya a 1965 zuwa 1966, lokacin da aka hallaka aƙalla mutum 500,000 bisa zargin kwaminisanci. Maimakon ya tambayi waɗanda aka zalunta, sai ya nemi makasan su kwaikwayi abin da suka yi. Wani tsoho mai suna Anwar Congo ya hau saman wani bene a garin Medan, ya nuna yadda yake shaƙe mutum da wayar ƙarfe don kada jini ya ɓata wurin, ya gama ya taka rawa. A ƙarshen fim ɗin ya koma wannan wurin yana ta kakarin amai. Wannan ba na samari 'yan ƙasa da shekara 18 ba ne, kuma ba na ranar farko ba ne.

Sha'anin kayan aiki ba shi da wuya. Ka sauke fim ɗin a gari ranar kasuwa inda sabis yake da ƙarfi, daga tashar masu shi idan sun sa shi kyauta kamar yadda BBC take yi a YouTube, ka tabbatar batir zai kai ƙarshe. Babbar matsala harshe ce, tunda yawancinsu da Turanci aka rubuta fassararsu. Ka zaɓi tafinta mai natsuwa, ba irin mai fassarar finafinan Indiya da ke ƙara barkwanci ba, a riƙa tsayawa bayan kowane minti goma ya taƙaita abin da aka faɗa. Bayan kaka ya fi dacewa, lokacin da amfani ya shiga rumbu, domin da damina mutum ya wuni yana noma, gyangyaɗi zai yi. A sallami yara tukuna, a duba bayan katanga ma, don nan suke laɓewa.

Kada a watse da zarar an kashe talabijin. Ka ware aƙalla rabin awa, a sake zuba shayi, ka bar dattawa su fara magana, sannan ka tambaya: wa ya amfana da abin da muka gani, wa ya sani ya yi shiru, kuma wane ne ba a ba shi damar magana ba a fim ɗin? Wanda ka ga ya yi tsit fiye da yadda ka san shi, ka raka shi gida, washegari kuma ka leƙa shi.

Idan majalisarku ta saba, sai ku gwada Shoah na Claude Lanzmann, 1985, kan kisan Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka yi. Ya haura awa 9, kuma babu tsohon hoton gawa ko ɗaya a cikinsa, sai waɗanda suka tsira da waɗanda suka aikata da maƙwabtan da suka gani, suna ba da labari. Mu darare shida muka raba shi. Daren da aka zo kan wanzamin da aka tilasta wa yanke gashin mata a sansanin Treblinka kafin a kashe su, yana ba da labarin yana yi wa wani aski har maganar ta maƙale masa, tafintanmu ya nemi a dakata, muka ƙarasa wurin bayan kwana biyu.