Darasi Na Tara: Marar Takarda Ma Yana Da Haƙƙin Magani

Wata uwa a Damagaram ta kira ɗanta da ke aikin tsinkar tumatir a kudancin Italiya. Suna cikin gaisawa ta ji yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Ɗan nan, ka je asibiti kuwa?"

"Inna, ba ni da takardar zama. Ina zuwa za su kira mini 'yan sanda."

"To sai ka zauna ciwo ya cinye ka?"

Matasa da yawa da suka bi ta Agadez da Libiya suna da irin wannan tsoro, alhali doka tana goyon bayansu. Dokar baƙi ta Italiya ta 1998, a sashe na 35, ta hana asibiti kai rahoton mutum ga hukuma don kawai ba shi da takarda. Sai fa in abu ne da ko ɗan ƙasa za a kai rahotonsa, kamar raunin harbi.

Abin da yaron zai nema shi ne lambar STP, wato lambar da ake ba baƙon da ba shi da takardar zama don ya samu magani. Ana bayar da ita a asibitin gwamnati ko ofishin lafiya na yanki, wanda suke kira ASL. Zai faɗi sunansa da ranar haihuwarsa, ko da ba fasfo a hannunsa. In ba shi da hali, ya sa hannu a takardar da ke nuna haka. Lambar tana aiki wata 6, kuma ana sabunta ta. Da ita ake duba mai ciki har ta haihu, a yi wa yara rigakafi, a yi maganin tarin fuka. Wannan na ƙarshe ma dabara ce, don mai tari in ya ɓuya a ɗaki mai mutum goma, ba shi kaɗai zai kwanta ba.

Kowace ƙasa da tsarinta. A Faransa sunan shirin ba marar takarda magani AME, kuma sai mutum ya cika wata 3 a ƙasar kafin ya nema. Amma in ciwo na gaggawa ne, a duk ƙasashen Tarayyar Turai 112 ake bugawa, kyauta.

Aiki: Rubuta STP da 112 a littafinka da manyan baƙaƙe. Sannan ka rubuta saƙo mai jimla uku da uwar nan za ta aika wa ɗanta.