Darasi na 7: Idan Firintar Na'urar Asibiti Ta Ƙi Bugawa

Na'urar gwajin zuciya ta ECG, da na'urar hoton ciki, da wasu injinan gwajin jini, suna fitar da sakamako ta wata ƙaramar firinta mai aiki da zafi. Ba ta shan tawada ko kaɗan. A cikinta akwai kan bugu mai jerin ƙananan ɗigo da ke yin zafi, galibi 8 a kowace milimita. Ita kuma takardar an shafa mata sinadari a fuska ɗaya, da zafi ya taɓa wurin sai ya yi baƙi.

Idan takarda ta fito fara fat, kada a yi saurin cewa firinta ta mutu. Sau da yawa juye takardar aka yi wajen sakawa. A yago ɗan guntu, a ja farce a kansa da ƙarfi. Fuskar da ta yi baƙin layi ita ce za ta kalli kan bugu. In babu wadda ta yi layi, to ba takardar zafi ba ce. A duba faɗinta kuma, domin akwai mai milimita 57, da 80, da 110 ta hoton ciki, kowace na'ura da tata. A tabbata murfin ya rufu har ya yi ƙas.

Rubutu dishi-dishi yakan zo daga batir da ya yi sanyi, ko ƙurar takarda da ta taru a kan bugu. A jona na'urar da wuta a sake gwadawa. In bai gyaru ba, a kashe ta, a zare wayar wuta, a ba ta minti 5 ta huce. Sai a jiƙa audugar tsinke da sinadarin isopropyl, wato wani irin sifirit na goge kayan aiki, ba sharkaf ba, a goge kan bugu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. A goge robar da ke jan takarda, ana juya ta da yatsa. Sai sun bushe sarai a mayar da takarda. Reza ko allura kuwa kada su kusanci wurin, karce ɗaya ya isa ya kashe ɗigon har abada. Farin layi da ya bi tsawon takarda a wuri guda, har bayan an goge, alama ce ɗigon ya ƙone. Wannan aikin injiniyan kayan asibiti ne, canja kan zai yi.

Akwai matsalar da ta fi waɗannan haɗari, don ba ta nuna kanta. Takardar ECG tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa ɗaya. In robar ta lashe tana zamewa, takardar za ta yi nawa, bugun zuciya ya matsu kusa da juna, likita ya ga kamar zuciyar na gudu alhali lafiyarta ƙalau. Da an ga takarda na fizga ko tana karkata, a ajiye na'urar, a sanar da mai kula da sashe.

Firintar da ake haɗawa ta waya, in ta riƙa fitar da haruffa barkatai, saurin aika saƙo ne bai daidaita ba. Lambar da ke na'ura, misali 9600, ita za a sa a firinta.

Sakamakon da aka buga ma yana dushewa. Rana, da zafi, da man tsabtace hannu, da salatif, duk suna ɓata shi. Wanda zai daɗe a fayil ɗin majiyyaci a yi masa fotokwafi tun ranar da aka buga shi.