Yadda Ake Karanta Sulallan Jan Ƙarfe na Sarakunan Mongol

Wanda sulen jan ƙarfe na zamanin Mongol ya shigo hannunsa, kada ya yi gaggawar kankare shi. A share ƙurar da buroshi mai laushi, a guji ruwan lemon tsami da duk wani abu mai cin ƙarfe, domin koren tsatsan da ya rufe fuskarsa sau da yawa shi ke riƙe da sauran haruffan. Sai a haska fitila daga gefe, yadda kowane harafi zai yi inuwa ya fito.

A fara da kalmar shahada, wadda galibi take tsakiya, amma kada a ɗauka cewa ganinta na nufin sarkin Musulmi ne. Hulagu, sarkin Mongol da ya ci Bagadaza a 1258 ya kuma kafa daular Ilkan a Farisa, bai musulunta ba, duk da haka an buga shahada a kuɗinsa, saboda talakawan da ke ciniki da su Musulmi ne kuma ita suka saba gani. Musulunci bai zama addinin daular Ilkan ta Farisa ba sai da sarkinta Gazan ya musulunta a 1295.

Abin da ya fi taimakawa shi ne sunayen da ke kewaye da shahadar. Idan an ƙara "Aliyyun waliyyullah", a karkata ga zamanin Uljaitu, magajin Gazan, bayan ya koma Shi'a wajajen 1310. Idan kuwa sunayen Abubakar, Umar, Usman da Ali ne, ana samun su a farkon mulkin Uljaitu da kuma zamanin ɗansa Abu Sa'id, wanda ya rasu a 1335. Rubutun da ba na Larabci ba a ɗaya fuskar yawanci Mongolanci ne da haruffan Uigur.

Daga nan a nemi kalmar "duriba", wato an buga, domin sunan gari ke biye da ita: Tabriz, Mausil, Irbil, ko Sarai a yankin kogin Bolga, cikin ƙasar Rasha ta yau. Shekarar Hijira sau da yawa tana gefe, an rubuta ta da kalmomi, kuma nan ne ya fi saurin cinyewa. In ta goge, hoton da ke jiki zai yi jagora, kamar zomo a kuɗin Irbil na Hulagu, ko zaki da rana a na Uzbak Khan, sarkin Mongol na Sarai.